Waken Suya da Zafin Ɗaukewar Al'ada: A Gaya wa Mata Iyakar Gaskiyar Lamarin

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi iyayenmu mata da yayyenmu, ya kuma shafe ni a kaina, wato zafin nan da ke taso wa mace a shekarun ɗaukewar al'ada, da maganar da ta bazu a tsakanin matan Hausawa mazauna Legas cewa waken suya, ko ƙwayoyin da ake haɗawa da sinadarinsa, suna raba mace da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shafe fiye da shekara ashirin ina aiki a ɓangaren mata, a Agege aka haife ni kuma a nan nake zaune, shekaruna 52, al'adata kuwa ta ɗauke shekara uku da suka wuce. Saboda haka abin da zan faɗa na karanta shi, na gan shi a jikin wasu, na kuma ɗanɗana shi a nawa jikin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a makon jiya, bayan an tashi daga makarantar Islamiyya ta matan aure. Wata baiwar Allah da nake kira Yaya, domin ta girme ni da 'yan shekaru, ta ja ni bayan aji, ta waiga ta tabbatar babu mai jin mu, sannan ta zaro wata kwalba daga ƙasan jakarta ta ce, "Ƙanwata, ke da kika san asibiti, duba mini wannan." Ƙwayoyi ne da ta saya ta wani zauren WhatsApp, an zana waken suya a jikin kwalbar, amma na juya ta gaba da baya ban ga inda aka rubuta yawan sinadarin da ke cikin kowace ƙwaya ba, ban kuma ga lambar hukumar NAFDAC ba. Kuɗin da ta biya zai yi wa gidanta cefane na mako guda. Mai tallar ta yi mata alƙawarin cewa cikin kwana bakwai zafin zai tafi, har ma al'adar tana iya dawowa. Ta sha mako uku ba ta ga canji ba, kuma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ba ta zargi maganin ba, kanta ta zarga, har ta fara tunanin ko hannu aka sa mata.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai taɓa jin wannan zafi ba da wuya ya gane shi. Ba irin na zazzaɓi ba ne, ba kuma irin na rana ba. Daga ƙirji yake tasowa ba sallama, ya hau wuya, ya mamaye fuska, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gumi ya karyo, bayan minti biyu ko uku, wani lokaci har biyar, ya saki mace, sai sanyi ya biyo baya saboda tufafi sun jiƙe. Ba na manta wata ranar Litinin a cikin danfo, mun tsaya cak a cunkoson Oshodi, an matse mu a layi ɗaya, ina sanye da hijabi har ƙasa, ya taso mini kamar an buɗe bakin murhu a cikin rigata, ban iya komai ba sai kama gefen hijabin ina fifita, ina salati a zuci har ya wuce. Na dare ya fi wahalarwa, musamman a gari irin Legas da iskarsa ke cike da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, in kuma aka ɗauke wuta fanka ta tsaya. Mace ta farka ƙarfe biyu ta tarar matashin kai ya jiƙe sharkaf, ta canza riga, barci ya ƙaurace mata har kiran assalatu, gari ya waye tana fama da gajiya da mantuwa da saurin fushi, miji da 'ya'ya su ce Mama ta cika faɗa kwanan nan. Da yake ba mu saba kiran abin da sunansa ba, wata takan ɗauka hawan jini ne, wata ta ce shawara ce, wata ta tafi neman maganin iska.

Asalin abin a jiki yake, kuma likitoci sun san hanyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, binciken da aka yi a kan matan Najeriya kuma ya nuna kusan shekara 48, sannan ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 cur ba a ga jini ba. A wannan tsakani ma'ajiyar ƙwan mace tana rage fitar da sinadarin istirojin, kuma raguwarsa tana rikita wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamus, wanda shi ne mai gadin zafin jiki. A da wannan mai gadi yana da haƙuri, ba ya motsawa sai zafi ya yi yawa sosai. Da istirojin ya ja baya sai ya zama mai saurin firgita, ɗan ɗumi kaɗan ya ishe shi ya ba da umarnin a buɗe jijiyoyin jini na fata a kuma saki gumi. Wani dogon bincike da aka fara a Amurka a 1996, wanda ya bi mata fiye da dubu uku shekara da shekaru, ya bayyana a 2015 cewa a cikin matan da zafin ke yawan taso musu, rabi sun haura shekara 7 suna fama da shi, kuma baƙaƙen fata su ne suka fi daɗewa, kusan shekara 10, alhali masu asali da Japan ba su kai shekara 5 ba. Abin da zai iya bin mace shekara goma ba abin da za a ce mata ta yi shiru ta daure ba ne.

Daga Japan ɗin nan ne maganar waken suya ta samo tushe. A shekarun 1980 wata masaniyar halayyar al'umma ta Jami'ar McGill da ke Kanada, Margaret Lock, ta tambayi matan Japan masu matsakaicin shekaru, ta tarar kusan ɗaya cikin goma ce ke kokawa da tasowar zafi, alhali a Amurka da Kanada kusan ɗaya cikin uku ce. A 1992 wani masani daga Helsinki ta ƙasar Finlan, Herman Adlercreutz, shi da abokan aikinsa, suka kawo hasashen cewa ƙila sirrin yana cikin abincinsu, domin mutumin Japan yakan samu miligiram 25 zuwa 50 na sinadarin aisofilabon kowace rana daga waken suya, Bature kuwa ba ya kai miligiram 3. Hasashe ne mai ma'ana, sai dai hasashe ne. Matan Japan sun bambanta da Turawa a abubuwa da yawa ban da wake: ba su da ƙiba kamarsu, suna cin kifi da ganye da yawa, tun suna yara suke cin waken ba sai da girma ya zo ba, sannan yadda ake bayyana ciwo a baki ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Masu talla sun ɗauki rabin farko na wannan labari suka bar rabin ƙarshe.

Shi aisofilabon ɗin, sinadari ne na tsiro wanda ƙirarsa ta yi kama da ta istirojin, kuma a waken suya iri uku ne: jenistin, da daidizen, da gilisitin. Yadda nake bayyana wa mata a asibiti shi ne, a jikin mace akwai kwaɗuna iri biyu da istirojin ke buɗewa, ana kiran su alfa da beta. Istirojin shi ne makullin asali, yana buɗe su duka da ƙarfi. Aisofilabon kuwa kamar makullin aro ne, yana shiga ramin, ya fi dacewa da kwaɗon beta, amma juyawarsa ba ta da ƙarfi. Cewa tsiro yana iya taɓa jiki ta wannan hanya ba tatsuniya ba ce, domin tun a shekarun 1940 makiyaya a Yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa saboda kiwo a wata ciyawa mai ɗauke da irin waɗannan sinadarai da yawa, kodayake hanjin tunkiya da hantarta ba sa sarrafa su yadda na ɗan Adam ke yi.

Akwai kuma wani abu da nake ganin shi ne mafi ban sha'awa a lamarin, kuma shi ne masu talla ba sa ambata. Idan daidizen ya isa hanji, wasu ƙananan halittu da ke zaune a can suna juya shi ya zama wani sinadari mai suna ikwal, wanda ya fi shi ƙarfin kama kwaɗon. Ba kowa ke da waɗannan halittu ba. A ƙasashen Turawa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na mutane ne hanjinsu ke yin ikwal, a Japan da Koriya da Sin kuwa ya kai kashi 50 zuwa 60. Masana da dama suna ganin wannan yana daga cikin dalilan da ke sa kishiyoyi biyu su ci awara a kwano ɗaya, ɗaya ta ce ta samu sauƙi, ɗayar ta ce ba ta ji komai ba, kuma babu maƙaryaciya a cikinsu.

Yanzu sai abin da gwaji ya nuna, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Wajibi ne mai karatu ya san cewa a gwajin maganin wannan zafi ana raba mata gida biyu, a ba wasu maganin gaskiya, a ba wasu ƙwayar wofi wadda babu komai a cikinta, ba tare da sun san wacce suka samu ba, kuma su kansu masu shan ƙwayar wofin sukan samu sauƙi mai yawa, daga rubu'i har zuwa rabi, saboda kyautata zato da kuma yadda zafin ke hawa da sauka da kansa. Don haka shaidar "na sha na ji daɗi" ba ta isa hujja ba, abin dubawa shi ne me maganin ya ƙara a kan ƙwayar wofi. A 2012 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 17 suka auna, suka tarar aisofilabon, kimanin miligiram 54 a rana, ya rage yawan tasowar zafin da kashi 20.6 cikin 100, ya rage tsananinsa da kashi 26.2, kuma haɗin da ke da jenistin fiye da miligiram 18.8 ya ninka sauran amfani. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda ta shahara da tsanani wajen tace hujja, ta duba gwaje-gwaje 43 da suka ƙunshi mata 4,364, ta ce babu hujja yankakkiya cewa waɗannan sinadarai suna rage zafin, sai dai jenistin ya cancanci a ƙara bincike a kansa. A 2016 mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga wani nazari na bincike 62 a kan mata 6,653, wanda ya nuna raguwar tasowar zafi da abin da ya ɗan haura sau ɗaya a rana, da ɗan sauƙin bushewar gaba, amma gumin dare bai ragu ba yadda za a dogara da shi.

In aka sauko da waɗannan alƙaluma ƙasa, ma'anarsu ita ce macen da zafin ke taso mata sau goma a yini, abin da sinadarin zai ƙara mata a kan ƙwayar wofi bai wuce ragin sau ɗaya ko biyu ba. Kuma ba ya zuwa da wuri. Wani nazari na 2015 ya ƙiyasta cewa sai an yi kimanin mako 13 ana sha kafin a kai rabin amfaninsa, alhali istirojin na asibiti yana kai rabin nasa a cikin mako 3. Duk wadda ta ce miki kwana bakwai, ko dai ba ta sani ba, ko kuɗinki take so. Maganar dawo da al'ada kuwa ƙarya ce tsagwaronta, babu waken da ke mayar da ƙwan da ya ƙare.

Na san za a kawo mini labarin binciken nan na birnin Washintan da ake ta yaɗawa a intanet, wanda ya ce zafi matsakaici zuwa mai tsanani ya ragu da kashi 88 cikin 100. Binciken gaskiya ne, an buga shi a 2023, an yi shi a kan mata 84 na tsawon mako 12, an ba rabinsu dafaffen waken suya rabin kofi, giram 86, kowace rana. Sai dai ba wake kaɗai aka ba su ba, an hana su nama da kifi da madara da ƙwai, an rage musu mai ƙwarai, har suka rage nauyin kilo uku da rabi a matsakaici, kuma kowacce ta san rukunin da take, babu ɓoyo. Su ma waɗanda ba a canza wa abinci ba sun samu sauƙin kashi 34. Ba za a iya ɗaukar wannan nasara a ɗora wa waken shi kaɗai ba. A shekarar 2023 ɗin kuma babbar ƙungiyar likitocin ɗaukewar al'ada ta Arewacin Amurka ta fitar da matsayinta a kan magungunan da ba na istirojin ba, kuma ba ta sa waken suya ko ƙwayoyinsa ko ikwal a cikin abin da take ba da shawarar a yi amfani da shi ba, saboda sakamakon gwaje-gwajen ya saɓa wa juna.

Malam Edita, in za ka faɗi, faɗi gaskiya. Ra'ayina shi ne waken suya yana taimaka wa wasu mata, taimako kaɗan, a hankali, kuma ga macen da zafinta bai tsananta ba wannan kaɗan ɗin yana da daraja, da babu gara ba daɗi. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa talaka wannan kaɗan ɗin a kwalba da tsadar zinariya, alhali yana nan a ƙofar gidanta. Mu ba baƙin waken suya ba ne. Ana noma shi a Binuwai da Kaduna da Kano da Neja, cibiyar binciken noma ta IITA da aka kafa a Ibadan a 1967 ta fitar da irin da ya dace da ƙasarmu, ta kuma yi aikin koya wa mata sarrafa shi a gida tun shekarun 1980, kuma kullum motoci suna sauke buhunansa a kasuwar Mile 12, inda ake auna shi da dirika ko robar fenti. A layinmu akwai wata maƙwabciyata da ke sana'ar awara. Tun dare take jiƙa waken, da asuba ta kai inji a markaɗa, ta tace da ƙyalle, ta ɗora farin ruwan a wuta, in ya tafasa ta riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ya kame ya taso sama curi-curi, ta kwashe ta zuba a tsabtataccen buhu ta ɗaure, ta ɗora dutse ya tsane, kafin la'asar ta yanka ta soya, yara sun yi layi da kwanukansu. Abin da ake cika baki da shi a jikin waccan kwalba, ga shi nan a tirenta tare da yaji da kabeji.

Awara giram 100, wato yanka uku ko huɗu matsakaita, tana ɗauke da kimanin miligiram 25 na aisofilabon, haka ma kofi ɗaya na madarar waken suya mai kauri, kodayake adadin yana hawa da sauka gwargwadon irin waken da yadda aka sarrafa shi, domin wani kaso yana bin ruwan da ake tsiyayewa. Ke nan ci biyu a rana ya kai mace kusa da abin da aka yi gwaji da shi, ga furotin mai rahusa a wannan zamani da nama ya yi tsada. Man waken suya da ake girki da shi babu wannan sinadari a cikinsa, kada wata ta ruɗu. Dole waken ya dahu sosai, domin ɗanyensa yana hana narkewar abinci yana kumbura ciki. Ina kuma roƙon 'yan'uwana mata su rage dogaro da soyayyar, saboda ƙiba tana daga cikin abin da ke ƙara zafin. Awarar da ba a soya ba tana shiga miyar alayyafo ko ta kuka ta zauna daram, ana dafa waken a haɗa da na gida, ana zuba garinsa a kunu, madarar kuma ba ta buƙatar sukari mai yawa. Ni kaina na yi wata huɗu a kan wannan tsari, zafin rana ya ragu mini, na dare bai gusa ba sai da na ga likita, kuma a watannin nan na rage ƙiba, na daina shan shayi mai zafi da cin yaji da dare, don haka yabon ba na waken ba ne shi kaɗai. Ga mazajen da ke hana a kawo awara gida saboda jita-jitar tana rage ƙarfin namiji, nazarin da aka buga a 2010 da wanda aka sake a 2021 duk sun nuna waken suya ba ya rage sinadarin mazakuta.

Ƙwayoyin kwalba lamarinsu daban ne da na abinci, domin a dunƙule suke, kuma ana iya shan abin da ya wuce kima ba a sani ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba su a 2015, ta ce ba ta ga alamar cutarwa ga mama ko mahaifa ko ƙullin tayirod da ke wuya ba a matan da al'adarsu ta riga ta ɗauke, a adadin miligiram 35 zuwa 150 a rana, amma ba ta yanke hukunci ba a kan matan da ke tsakiyar canjin ko masu tarihin kansar mama. Wani gwaji a Italiya a 2004 ya ga kaurin bangon mahaifa a wasu 'yan tsirarun mata da suka sha miligiram 150 kullum har shekara biyar. Duk wannan a kan ƙwayoyin da aka san abin da ke cikinsu ne, ina ga kwalbar da ba ta faɗi komai ba? Ko wadda ke da lambar NAFDAC, a karanta rubutun jikinta da kyau, domin magungunan tsirrai da hukumar ke yi wa rajista sukan zo da gargaɗin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Mai shan lebotairoksin saboda ciwon tayirod ta raba shi da waken suya da kamar awa huɗu, domin waken yana rage shigar maganin jiki. Wadda ta yi kansar mama kuwa, binciken Shanghai na 2009 a kan mata 5,042 ya nuna masu cin abincin waken suya ba su fi sauran shiga haɗari ba, hasali ma dawowar cutar ta fi ƙaranci a cikinsu, amma wannan magana ce ta abinci, kada ta kusanci ƙwayoyin sai da izinin likitanta, musamman in tana shan maganin kansar mama mai suna tamoksifen.

Babban tsorona shi ne kada awara ko kwalba su tsare mace a gida a lokacin da ya kamata tana gaban likita. Wadda zafin ya hana ta barci da sana'a tana da magani mai ƙarfi a asibiti. Maganin istirojin yana rage tasowar zafin da kimanin kashi 75 cikin 100. Gaskiya ne wani babban bincike a Amurka a 2002 ya tsorata duniya a kansa, amma da aka sake nazari an gane cewa ga macen da ba ta kai shekara 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da tarihin kansar mama ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa, likita ne zai auna. Wadda bai dace da ita ba akwai wasu, irin su gabapentin da wasu magungunan damuwa da ake bayarwa kaɗan, sannan a 2023 Amurka ta amince da fezolinetant, wanda ke aiki kai tsaye a kan mai gadin nan na ƙwaƙwalwa, sai dai yana da tsada kuma yana buƙatar a riƙa duba hanta. Haka kuma ba kowane gumin dare ne na ɗaukewar al'ada ba. In ya zo da tari da rama, a yi gwajin tarin tibi, domin a unguwanninmu masu cunkoso ba baƙo ba ne. In ya zo da rawar hannu da faɗuwar gaba, a duba tayirod. Jinin da ya dawo bayan an cika wata 12 ba a gan shi ba, ko ɗigo ɗaya ne, ba albishir ba ne na cewa magani ya yi aiki, alama ce da ke buƙatar a duba mahaifa ba tare da jinkiri ba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a alƙawarin da aka yi wa Yaya, domin da jini ya zo mata da murna za ta yi.

Malamanmu na fiƙihu ba su ji kunyar yin bayani a kan macen da ta yanke tsammani daga haila ba, kuma Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sani. Mu kuwa mace takan iya tambayar malam hukuncin sallarta idan jini ya rikice mata, amma ta kasa gaya wa mijin da suke kwana ɗaki ɗaya dalilin da ya sa take tashi tsakar dare tana watsa ruwa. A cikin wannan shiru ne masu kwalba ke cin kasuwarsu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma maza ma suna da rabo a ciki, ko da na haƙuri ne da biyan kuɗin mota zuwa asibiti.

Roƙona gare ka shi ne jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, da likitocin mata masu jin Hausa za su riƙa amsa tambayoyin da aka aiko ba tare da suna ba, kuma ranar 18 ga Oktoba, da duniya ta keɓe domin wayar da kai a kan ɗaukewar al'ada, ta dace a fara. Ina kuma kira ga asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja, da na Malam Aminu Kano da na Shika, su auna awararmu su gaya mana yawan sinadarin da ke cikinta, su kuma gwada ta a kan matanmu, domin alƙaluman da na kawo a sama daga matan Amurka da Turai da Asiya aka samo su, masu abinci da hanji da yanayi daban da namu.

Ita Yaya, na ce mata ta ajiye kwalbar kada ta ƙara sha, ta ci gaba da cin awararta da kununta in tana so, ta kuma samu ɗan littafi ta riƙa yin alama duk lokacin da zafin ya taso, dare da rana, domin likita ya ga adadin da idonsa. Ta gaya mini rabonta da barcin awa huɗu a jere tun kafin azumin bara. Mun yi da ita ranar Alhamis, in Allah Ya kai mu, zan biya mata da sassafe mu tafi asibitin mata tare, kuma ta ce za ta gaya wa maigidanta dalilin tafiyar.

Wassalam.

Taka mai karatu,
Ma'aikaciyar jinya,
Agege, Legas.